Kafin Ki Kori Gyaɗa Da Riɗi Daga Kicin Ɗinki



Kwanakin baya na leƙa gidan wata maƙwabciyata da la'asar, na tarar da ita tana ta ɗaure kaya a leda: kwalbar man gyaɗa, ƙullin ƙuli-ƙuli, da ragowar riɗin da aka kawo mata tsaraba daga ƙauye. Na ce, "Hajiya, ina za a kai waɗannan?" Ta ce kyautar da su za ta yi. Maigidanta ya je asibiti an gwada jininsa, likita ya ce kolestarol ɗinsa ya hau, a rage masa maiƙo.

Muna cikin magana sai ƙanshin farfesun kayan ciki ya taso daga kan murhu. A gefe kuma ga man shanu an soya da albasa, yana jiran tuwon dare. Da na nuna mata sai ta ce, "Ai wannan na gargajiya ne, ba ya komai."

Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki. Na san ba ita kaɗai ba ce, wataƙila ke ma da takardar gwaji irin wannan a cikin durowarki. Shi ya sa yau nake so mu duba wani sinadari da ke cikin gyaɗa da riɗi da waken soya, wanda aikinsa shi ne tare wa kolestarol hanya. Mu ga abin da yake iya yi, mu kuma ga inda ƙarfinsa ya tsaya.

Da farko, mene ne kolestarol?

Wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halittar jiki, da shi ake haɗa ruwan ɗaci na matsarmama mai narkar da kitse, da shi ake haɗa sinadaran da ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera abinsa, musamman hanta. Ragowar kuma daga abincin dabba yake shigowa, irin su nama, kayan ciki, ƙwaƙwalwa, ƙwai da man shanu.

Matsalar tana farawa ne idan nau'in da za ki ga an rubuta LDL a takardar gwaji ya yi yawa a jini. Shi ne ke maƙalewa a bangon jijiyoyi sannu a hankali, kamar yadda maiƙon wanke-wanke ke toshe bututun ruwa. Shekaru na tafiya hanya na ƙara matsewa, har wata rana a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Abin tsoron shi ne ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi. Siriri ma yana iya kasancewa da shi. Gwajin jini ne kawai ke tona asirinsa.

Ɗan uwansa na cikin tsirrai

Su ma tsirrai suna da nasu irin wannan maiƙo da suke gina ƙwayoyin jikinsu da shi. Masana suna kiransa sitarol na tsirrai. Iri-iri ne, amma uku sun fi yawa a abincinmu: sitositarol, kamfestarol da sitigmastarol. Kada sunayen su dame ki. Abin riƙewa shi ne a siffa sun yi kama da kolestarol ƙwarai, kamar 'yan biyu, kuma sun fi taruwa a cikin ƙwayar da ake matse mai daga jikinta.

Ga yadda suke aiki. Kolestarol ba ya iya ratsa hanji ya shiga jini da ƙafarsa, sai an ɗauke shi. Ruwan ɗacin matsarmama yana haɗa wasu 'yan ƙananan ƙullaye da ke yi masa jigila zuwa bangon hanji. Ki ɗauke su kamar adaidaita-sahu a tasha, kujerunsu ƙididdigaggu ne. Idan kin ci riɗi ko gyaɗa, sitarol yakan iso tashar tare da kolestarol, su yi rububin kujera. Duk kujerar da sitarol ya zauna, wani kolestarol ya rasa mota ke nan, sai ya wuce ya fita ta bayan gida.

Shi kuma sitarol ɗin da ya samu kujera, yana isa ƙofar shiga jini ake maido da mafi yawansa. Jiki yakan zuƙi kusan rabin kolestarol ɗin da ya iso hanji, amma na tsirrai bai kai kashi 5 cikin 100 da ke wucewa ba. Ya tare wa wani wuri, shi ma bai shiga ba.

Ba kolestarol ɗin abinci kaɗai yake tarewa ba. Wanda hanta ke zubowa hanji ta cikin ruwan ɗaci ya ma fi na abinci yawa, kuma a al'ada jiki yakan sake zuƙe wani kaso nasa. Idan aka tare shi ya fita, sai hanta ta ji gibi, ta koma tana janyo LDL daga cikin jini don ta cike. Ta haka lambar da ke takardar gwaji ke sauka.

Ba sabon labari ba ne

Tun farkon shekarun 1950 aka gano haka a Amurka, da farko a jikin kaji da aka ba sitarol ɗin waken soya, daga baya a jikin mutane. A shekarar 1995 wani kamfani a ƙasar Finlan ya fito da botar shafa wa burodi mai suna Benecol, wadda aka ƙara wa irin wannan sinadari da gangan. A shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa rubuta amfaninsa a jikin kayan abinci.

Akwai kuma wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 da ya shafe mu kai tsaye, domin a kan man girki na yau da kullum aka yi shi. An ɗauki man masara aka tsame sitarol ɗin cikinsa, aka ba mutane. Sai kolestarol ɗin da hanjinsu ya zuƙa ya ƙaru da kashi 38 cikin 100 idan aka kwatanta da lokacin da suka ci man yadda yake. Wato ɗan abin da ke cikin abinci tun asali ma ba zaman banza yake yi ba.

Wane ne ya fi wani?

A cikin ƙwayoyin mai da muke ci, riɗi ne a gaba. Giram 100 na riɗi na ɗauke da miligiram 400 ko kusa da haka. Gyaɗa tana da kamar rabin wannan ko ƙasa kaɗan, gwargwadon iri da inda aka noma ta. Waken soya ma yana da rabonsa.

A ɓangaren man girki, man masara yana cikin na sahun gaba. Man riɗi da man waken soya suna biye, sannan man gyaɗa mai ɗauke da miligiram 200 da 'yan kai a giram 100. Manja da man kwakwa su ne a baya. Man shanu da kitse kuwa, kolestarol ɗin ne ma suke kawowa.

Hatsi ma yana da nasa, sai dai a dusa da idon ƙwaya ya fi taruwa. Duk lokacin da aka surfe gero ko masara har ta yi fari tas, wani kaso ya tafi wurin awaki. Wake da ganyaye su ma suna ƙara nasu kaɗan-kaɗan.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, buhu-buhu ake lodinsa zuwa Japan da Sin da Turkiyya. Mu da ake nomawa a bayan gidanmu, sai mu tuna da shi lokacin kantu kawai.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

A nan nake so ki natsu, domin a nan masu tallan magani a waya ke shigowa.

Abincin yau da kullum yakan ba mutum tsakanin miligiram 200 zuwa 400 na sitarol a rana. Amma adadin da bincike ya nuna yana sauke LDL sosai shi ne giram 2 a rana, wato miligiram 2,000. Da wannan adadin LDL kan sauka da kamar kashi 8 zuwa 10 cikin 100 cikin 'yan makonni. Idan aka wuce giram 3, ba wani ƙarin amfani na a-zo-a-gani.

To mu yi lissafi. Don maigida ya samu giram 2 daga riɗi, sai ya ci rabin kilo kowace rana. Daga man gyaɗa kuwa, sai ya sha kusan lita guda. Kin ga ba zai yiwu ba, kuma wanda ya gwada ƙiba ce za ta riga shi zuwa asibiti, domin babban cokali ɗaya na kowane irin mai yana ɗauke da kalori kusan 120.

Shi ya sa kamfanoni ke tattara sitarol daga abin da ya rage wajen tace man waken soya da makamantansa, su zuba a bota ko yogot ko ƙwayar haɗiya. Waɗannan suna sauke lambar kolestarol, wannan tabbas ne. Amma ba a yi musu irin manyan gwaje-gwajen da aka yi wa magungunan sitatin ba, waɗanda aka tabbatar suna rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma suna iya sauke LDL da kashi 30 zuwa 50. Saboda haka idan likita ya ɗora maigida a kan magani, riɗi da gyaɗa mataimaka ne, ba magadan kujerar magani ba. Kada ki bari a ajiye ƙwaya saboda an fara shan kunun gyaɗa.

Sirrin shi ne musanya, ba ƙari ba

Idan haka ne, ina amfanin na cikin kicin? Amfaninsa yana fitowa ne idan ya maye gurbin wani abu.

Ki duba farfesun da ya kwana, farin maiƙon nan da ya daskare a samansa. Irin wannan kitse mai daskarewa, wanda ya yi yawa a kitsen nama da man shanu da fatar kaza, ya fi komai a abinci ɗaga LDL. Man gyaɗa da man riɗi da na waken soya kuwa, mafi yawansu nau'in maiƙo ne da ba ya ɗaga shi, idan ma aka sa shi a madadin kitse yakan sauke shi. Ga kuma sitarol a kai. Duk ranar da kika cire cokalin man shanu kika sa cokalin man gyaɗa, riba biyu kika ci: kin rage mai ɗagawa, kin ƙara mai tarewa. Amma idan kika bar man shanun yana nan kika ƙara gyaɗa a kai, maiƙo kawai kika ninka.

Ga wasu hanyoyi da ba za su taɓa kuɗin cefane sosai ba:

Miyar riɗi ko miyar gyaɗa sau biyu ko uku a mako. Su da kansu suna fitar da mai, don haka ba sai kin ƙara wani ba.

Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, da tumatir da albasa. Ƙuli-ƙuli an matse yawancin mansa, kuma wani kaso na sitarol ya bi man, amma har yanzu abinci ne mai gina jiki, ga ganye mai yawa a kwano ɗaya.

Soyayyen riɗi a ƙaramar kwalba kusa da murhu. Cokali biyu a kan dafa-duka ko fate ko wake da shinkafa. Idan kin ɗan daka shi ya fi, don riɗin da ba a tauna ba yakan wuce yadda ya shiga.

Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya da yamma, a madadin cincin ko biskit. Tafin hannu ɗaya, ba kwano ba. Dafaffiya ko soyayya a yashi, marar gishiri da yawa.

Awara a cikin miya ko a gasa ta, maimakon a tsoma ta cikin mai kullum.

Kunun gyaɗa da tsamiya ko lemon tsami, a rage sukari. Shi ma kantu a ɗauke shi a matsayin alawa, don sukarinsa yana da yawa.

A rage surfe, a bar wa gero da dawa ɗan jikinsu.

Ki kuma riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga bakin galan. Man da aka soya ƙosai da kifi har ya yi baƙi yana kumfa, ki haƙura da shi. Manja kuma ba sai kin kore shi ba, yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai amfani ga idon yara. Sai dai kusan rabinsa kitse mai daskarewa ne, don haka a sa shi da lissafi.

Wani abu kuma: za ki ga an rubuta a jikin wasu galan-galan cewa man ba shi da kolestarol, har a ƙara masa kuɗi. Ai duk man da ya fito daga tsiro haka yake, har da na mai ƙuli-ƙulin unguwarku. Abin dubawa shi ne daga wace ƙwaya aka matso shi, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa.

Hattara guda huɗu

Na ɗaya, gyaɗar da ta yi fumfuna. Idan gyaɗa ta sha danshi a gona ko a ɗakin ajiya, wani fumfuna yakan haifar mata da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. Tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya da dahuwa ba sa kawar da ita. Ki tsince gyaɗarki tsaf: duk wadda ta motse, ta canja launi, ta yi huda ko take ɗaci, ki zubar. Ki ajiye sauran a busasshen wuri, ba a kan siminti ba. In za ki sayi ƙuli-ƙuli ko man gida, ki saya wurin wadda kika san irin gyaɗar da take aiki da ita.

Na biyu, ƙananan yara. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi. A niƙa a sa a kunu ko miya. Idan kuma yaro ya ci gyaɗa ko riɗi kika ga leɓe ko fuska sun kumbura, ko jiki ya yi borin jini, ko numfashi na yi masa wuya, a nufi asibiti nan take.

Na uku, kayan da aka ƙara wa sitarol da gangan, irin su botar nan da ƙwayoyin haɗiya. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce a rubuta a jikinsu cewa ba lallai su dace da mai ciki da mai shayarwa da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba. Dalili kuwa, jikin da ke girma yana buƙatar kolestarol, sannan yawan sitarol yana ɗan rage zuƙar sinadarin nan na karas da ganye da jiki ke mayarwa bitamin A. An yi su ne don babban da aka gwada aka ga nasa ya hau, shi ma da sanin likita. Wannan gargaɗi bai shafi gyaɗa da riɗin cikin miya ba.

Na huɗu, akwai wata lalura ta gado, wadda ba kasafai ake samunta ba, inda ƙofar nan ta hanji ba ta maido da sitarol, sai ya taru a jini ya yi ɓarna. Ɗaya daga cikin alamunta shi ne wasu ƙulli-ƙulli masu launin rawaya a gwiwar hannu ko ta ƙafa ko agara, tun ana yara. Idan kin ga irin haka, ko a danginku akwai waɗanda ciwon zuciya ya kama da ƙuruciya, ki sanar da likita.

Ke fa, uwargida?

Mun saba mu tsaya a kan lafiyar maigida da yara mu manta da tamu. Kolestarol ɗin mace yakan hau bayan ɗaukewar al'ada, kuma ciwon zuciya ba ya tambayar jinsi. Idan kin haura shekara 40, ko kina da hawan jini ko ciwon suga, ranar da kika raka shi asibiti ke ma ki miƙa hannu a ɗebi jininki. Ki haɗa gyaran tukunya da tattaki na rabin awa a yawancin ranakun mako, ki rage gishiri da dunƙule, a kuma nisanci hayaƙin taba.

Ita dai maƙwabciyata ta kwance ledarta ta mayar da kayan kicin. Man shanun ne ya koma na ranar baƙi, farfesun kayan ciki kuma ya koma jefi-jefi. Maigidan yana shan maganinsa, likita ya ce ya dawo a sake gwaji bayan wata uku.

Yanzu saura ke. Yaya kike haɗa miyar riɗi a gidanku, da ganye ko zalla? Kuma wace dabara kika yi har mutanen gida suka yarda aka rage man shanu ba tare da an yi yajin cin tuwo ba? Ki rubuto mana a ƙasa, wata 'yar uwar za ta ƙaru.